Filashin zai cire zanen buɗe waya ba tare da hotuna sun tafi ba?

Ɗan_Circle ya rubuta:

Assalamu alaikum iyayen gida da 'yan'uwa masu gyara. Ina koyon aikin waya a Tip Toe Lane, nan Circle a Accra, kuma ɓangaren manhaja nake son ƙwarewa. Akwai abin da ya ɗaure mini kai.

Wata Hajiya daga Mamobi ta kawo Samsung A12, samfurin A125F. Wayar tata ce, ga kwali ga rasit. Jikanta ne ya canza zanen buɗewa, shi ma ya manta. Hotunan Makka da na bikin 'yarta duk suna ciki, ta ce in dai za su tafi gara a bar mata wayar a rufe.

Maganar da nake ji a layinmu na masu gyara kashi uku ce. Wasu sun ce famwayar Samsung, wato manhajar da ke tafiyar da wayar, a sirrance take zuwa, shi ya sa zanen ba ya fita, amma in ka samo wadda aka warware ka yi filashin, wato ka sake zuba ta a wayar, da fayil ɗin HOME_CSC, wayar za ta buɗe kaya suna nan. Wasu sun ce a buɗe butloda, shirin da ke tayar da wayar, a sa TWRP, manhajar gyara da ba ta kamfani ba, a goge fayil ɗin makullin. Wani kuma ya ce a ɗaga eMMC, cif ɗin ma'ajiyar wayar, a karanta ta a bokis, na'urar masu gyara. Wanne ne daidai? Kuma mene ne haɗin inkirifshin, wato sirrantawa, na famwaya da sauran buɗe-buɗen, na layin SIM da na asusun Google? Har yanzu ban taɓa wayar ba.

Masta_Nima ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka kyauta da ba ka taɓa ta ba, domin biyu daga cikin shawarwarin nan uku za su iya hallaka hotunan, ɗayar kuma ɓata lokaci ce kawai.

Mutanen layi suna cakuɗa abubuwa uku da ba ruwan wani da wani.

Na farko, sirranta fayil ɗin famwaya. Gaskiya ne in ka sauke famwaya kai tsaye daga sabar Samsung tana zuwa da wutsiyar enc4, sai manhaja irin su Frija ta warware ta ka sami fayilolinta, BL, AP, CP da CSC. Haka Oppo da Realme suke da ozip da ofp. Wannan rufin na kan hanya ne, don kada kowa ya riƙa leƙa cikin fayil ɗin. Duk famwayar da ka taɓa sawa a Odin, manhajar filashin ta Samsung, an riga an warware ta. Ka ga ke nan babu wata "warwararriyar famwaya" ta musamman da wani ya ɓoye. Ko Apple tun a iOS 10, shekarar 2016, suka daina sirranta zuciyar manhajarsu, kuma hakan bai sa lambar sirrin iPhone ko ɗaya ta buɗe ba.

Na biyu shi ne hatimin kamfani, kuma shi ne ainihin katangar da ke hana ka sa abin da ka ga dama. A cikin CPU akwai ɗan shirin farko da aka gina tun a masana'anta, ba a iya sake shi, tare da shaidar mabuɗin kamfani da aka ƙona a fiyus. Shi yake duba hatimin butloda, butloda ya duba vbmeta da boot, su kuma su duba sauran. Ka canza ko harafi ɗaya a cikin AP, hatimi ya karye, Odin ya ƙi ko wayar ta tsaya a tambari. Karanta famwaya abu ne mai sauƙi, buga mata hatimi ne ba mai iyawa sai mai mabuɗin.

Nan ne ma batun lambar bainari ya shigo. Ka duba sigar famwayar da ke kan wayar, ka ƙirga daga ƙarshe, harafi na biyar shi ne bainari. In ta ƙare da U2BVB4 misali, bainari 2 ke nan, kuma bayan 9 sai A, B. Ba ka iya sa ƙasa da abin da ke kai, sai ka ga SW REV CHECK FAIL. Dalilin shi ne kada mutum ya mayar da waya tsohuwar famwaya mai ɓaraka da aka riga aka toshe.

Na uku shi ne sirranta bayanan mai waya, kuma shi ne matsalar Hajiya. Tun Android 7 aka kawo tsarin da kowane fayil ke da nasa rufin, kuma duk wayar da ta fito da Android 10 ko sama dole ta zo da shi. A12 da Android 10 ta fito. Mabuɗin da ke buɗe hotuna ba a ajiye yake a fili a wani wuri ba. Duk lokacin da aka kunna waya ana haɗa shi ne daga abu biyu, zanen da mai waya ya zana da wani sirri da ke cikin keɓaɓɓen sashen tsaro na CPU ɗin wannan wayar kaɗai. Babu zane, babu mabuɗi. Sauya ƙofar ɗaki ba ya buɗe akwatin ƙarfen da ke cikinsa.

To ka auna shawarwarin da wannan. HOME_CSC aikinsa shi ne kada ya taɓa userdata, ɓangaren da kayan mai waya suke, saboda haka bayan filashin zanen na nan daram yadda ka bar shi. In ka sa CSC zalla zanen zai tafi, amma tare da hotunan. Buɗe butloda kuwa sai ka shiga Developer options ka kunna OEM unlocking, ga shi wayar a rufe take. Ko da a kunne yake, da zarar ka amince da buɗewar wayar tana goge komai da kanta, da gangan aka tsara haka. Daga baya in ka sa TWRP fiyus ɗin Knox, tsarin tsaron Samsung, ya ƙone ya koma 0x1, ba ya dawowa, in wayar na da Secure Folder, ma'ajiyar sirri ta Samsung, ya tafi ke nan har abada.

Goge fayil ɗin makulli dabara ce ta zamanin Android 4 da 5, lokacin da zanen ke cikin gesture.key kuma bayanan a buɗe suke a bayansa. Wanda ya sami hanyar goge locksettings.db a wayar yau, allon makulli zai ɓace amma fayilolin su zauna da sunaye barkatai, wayar ta maƙale tana cewa tana farawa. Mafi muni, in aka haɗa da goge fayilolin spblob, ko jikan ya tuna zanen gobe ba zai yi amfani ba.

Abin da zan yi da wannan wayar: a zaunar da yaron cikin lallami, a ba shi takarda mai ɗigo tara ya zana duk abin da yake tsammani, a zaɓi mafi kusa kafin a taɓa allo. Kuskure biyar yana jawo jiran daƙiƙa 30, kuma jiran yana ƙaruwa har ya kai yini guda tsakanin gwaji da gwaji. Zane iri 389,112 ne ake iya yi a ɗigo taran nan, don haka cankar banza ba za ta kai ka ko'ina ba.

Injiniya_Aboabo ya amsa:

Masta ya gama magana a kan manhaja, bari in taɓa na ƙarfe, da ɗan gyara guda.

Ɗaga eMMC ana yinsa, kuma bokis irin su UFI da Easy JTAG suna karanta ta sarai. Ba ma sai ka ɗaga ba, kana iya jona siraran wayoyi a CLK, CMD, DAT0 da ƙasa, ka ba VCC wajen bolt 2.8 zuwa 3.3, VCCQ kuma 1.8. Za ka kwashe gigabait 64 cif, ka buɗe userdata ka tarar da shirme tsantsa. Amfanin wannan karatun a yau shi ne ceto butloda da ɓangarorin IMEI, lambar shaidar waya, da duba lafiyar eMMC, ba ciro hoto ba. Ga haɗari kuma: dalmar masana'anta ba ta narkewa sai wajen digiri 217, yawanci da gam a ƙarƙashin IC ɗin, kuma CPU na maƙwabtaka da ita. Hannu ya ɗan karkace ka fizge ƙafa, ko zafi ya taɓa ƙwallayen CPU. Wayar da ke kunnuwa lafiya ba a kai mata bulowa saboda zane.

A cikin eMMC da UFS akwai wani lungu mai suna RPMB. Mabuɗinsa sau ɗaya ake rubuta shi, kuma daga CPU ɗin wayar ya fito. Shi ya sa in bod ya sha ruwa ko ya karye, mai shi kuma ya san lambarsa, ba a ɗaukar eMMC ita kaɗai a kai wani bod. Sai an kwashe CPU da eMMC tare, da RAM in a ware take, a dasa su a bod mai lafiya iri ɗaya, wayar ta tashi a sa lambar. A iPhone ana haɗawa da NAND da ɗan ƙaramin EEPROM da ke tafiya da CPU. In CPU ɗin ne ya tsage, a yi wa mai waya jaje kawai.

Gyaran da nake nufi: kada a ce sam babu mai iyawa. A125F na ɗauke da MediaTek MT6765, kuma wannan zuriyar tana da sananniyar ɓaraka a BROM, ɗan shirin farkon nan da ke cikin CPU, wadda manhajar mtkclient da bokis da dama suke bi su tsallake fayil ɗin izini. Kamfanonin binciken ƙwaƙwaf irin su Cellebrite, masu sayar wa hukumomi kaya, suna bin irin waɗannan ɓarakoki su kauce wa jiran nan su yi ta gwada lambobi da na'ura. Ko su ba karya inkirifshin suke yi ba, cankar lamba suke yi da sauri. PIN mai lamba 4 iri 10,000 ne, mai 6 miliyan ɗaya, doguwar kalmar sirri kuwa ta fi ƙarfin kowa. Amma wannan ba kayan teburin Adum ta Kumasi ko Circle ba ne, kuma Samsung sun rufe ƙofar BROM a wayoyi da yawa ta sabuntawa, sababbin MediaTek irin su Helio G99 kuma an toshe tsohuwar ɓarakar tun daga masana'anta. Maɓallin cire makulli da kake gani a bokis ɗinmu, a wayar zamani risetin yake yi, ko da an yi masa wani suna mai daɗi. Ka karanta abin da yake rubutawa a gefe, za ka ga yana goge userdata da metadata.

Tunda kana koyo, ga wani abu a kan Tecno, Infinix da itel da suka cika kasuwarmu. A SP Flash Tool, manhajar filashin ta wayoyin MediaTek, kada ka zaɓi Format All + Download sai ka ajiye nvram, nvdata, protect1 da protect2. In ba haka ba wayar za ta tashi babu IMEI, babu sabis. Download Only ya isa yawancin aiki, kuma ka cire alamar preloader, matakin farko na butloda, in ba ka tabbatar famwayar ta wannan bod ɗin ce daidai ba. Da laftof mai batir za ka yi, don dumso, wato ɗaukewar wuta, a tsakiyar rubuta preloader matacciyar waya yake bari.

Ɗan_Circle ya sake rubutawa:

Allah Ya saka da alheri Masta, na gode Injiniya. Yanzu na gane inda aka rikita ni. Saura na layi da na Google da iCloud. In hatimi ne ya hana, me ya sa tsofaffin modem da MiFi ake buɗe su da lamba cikin minti biyu, amma iPhone hom-yus, wato ta hannu, ta Amurka sai a ce a jira kwanaki?

Hajiya_GSM_Adum ta amsa:

Ɗana, bambancin yana wajen inda aka ajiye hukuncin, a cikin na'urar ko a sabar kamfani.

Tsofaffin modem na Huawei irin su E173 da E303, lambar buɗewarsu mai lamba 8 daga IMEI ake lissafa ta. Da mutane suka tono lissafin a cikin famwaya, kowa ya zama mai buɗewa. Haka aka yi da Nokia ta zamanin DCT4. Sai kamfanoni suka daina lissafi daga IMEI, suka koma ba kowace na'ura lambar da ba ta da alaƙa da komai, su riƙe ta a rumbunsu, a cikin na'urar kuma su bar shaidarta kawai a wurin da ke da kariya. Nan sirranta famwayar modem ya yi tasiri na gaske, domin ya wahalar da masu tono, hatimi kuma ya hana a sa famwayar da aka cire mata binciken. Ka kula da ƙidaya, yawancin modem ɗin nan gwaji 10 suke bayarwa, ya ƙare sun rufe. Samsung ma in an cika kuskure tana daskarewa, sai an nemo lambar MCK ta cire daskarewar kafin ta NCK ta buɗe layi ta shiga.

Akwai kuskuren da ake yawan yi da Samsung ta Amurka. Mai harafin U a ƙarshe ta kamfanin layi ce, U1 kuma ba ta kowa ba. Mutum ya zuba famwayar U1 a kan U, tambarin AT&T ko T-Mobile ya ɓace, ya ɗauka ta buɗe. Ka sa mata MTN ko Telecel ka gani, makullin yana nan, domin ba a cikin AP yake ba, yana ɓangaren modem. Kuma waɗannan samfuran ba a buɗe butlodansu.

iPhone ba ta da lambar buɗe layi ko kaɗan. Duk lokacin da aka tayar da ita tana tambayar sabar Apple wane SIM aka yarda mata, sabar ta aiko da takarda mai hatimi. Sai kamfanin layin da ya sayar da ita ya gaya wa Apple ya sake ta, kwanakin da kake ji ke nan. Kafin ka saya ka shiga Settings, General, About, ka nemi Carrier Lock, in ba ka ga No SIM restrictions ba ka rage kuɗi ko ka bar ta. Siririn cif da ake sawa ƙarƙashin SIM yaudara ce ta ɗan lokaci, sabuntawa ɗaya na iya kashe ta. Ka tuna kuma daga iPhone 14 na Amurka babu ramin SIM, eSIM ce kawai.

Activation Lock, makullin asusun iCloud, ya zo da iOS 7 a 2013, FRP, makullin asusun Google, kuma da Android 5.1 a 2015. Su ba bayanai suke karewa ba, wayar suke hana amfani bayan an goge ta. Na Apple a sabar kamfani yake, ka yi filashin sau ɗari yana jiranka. Ɓarakar checkm8 da ta fito a 2019 ta shafi CPU daga A5 zuwa A11, wato iPhone 4S zuwa X, kuma abin da ake yi da ita ɓoye allon ne, asusun mai ita yana nan, an sake risto ya dawo. Ko ita ba ta ba da mabuɗin bayanai, don wannan yana Secure Enclave tun daga 5s. A Android 15 ma Google sun ƙara ɗaure FRP, tsallake allon farko ba ya sa a iya ƙara sabon asusu ko sa sabon makulli.

Hanyar da ke ɗorewa ita ce mai asusun ya shiga da kansa, ko a kai wa kamfani rasit na asali mai ɗauke da IMEI. Apple suna karɓar irin wannan buƙatar, masu Tecno da Infinix kuma su nufi Carlcare, cibiyar gyaran kamfaninsu. Wayar da aka ɗauka bashi ana biya kaɗan-kaɗan, wadda ke nuna KG a allon Download, makullinta na hannun masu bashin, kada ka sa hannu. Duk wanda ya kawo waya a rufe babu kwali babu rasit, bai san asusun ba, kuma yana gaggawa, ka ce ba ka iyawa. Karɓar kayan sata laifi ne a dokar laifuka ta 1960, Act 29, kuma mai shago ake fara zuwa wa. Ka riƙa rubuta IMEI da sunan da ke kan Ghana Card na mai kawowa a littafi.

Abu_Laftof ya amsa:

A taƙaice, irin wannan ya iso kwamfuta. BitLocker, mai sirranta bayanai a Windows, yana ajiye mabuɗinsa a cif ɗin tsaro mai suna TPM, TPM kuma ba ya sakinsa sai ya ga famwayar bod ɗin yadda ya san ta. Ka sabunta BIOS, ko ka sake rubuta cif ɗinsa da na'urar CH341A don cire kalmar sirri, ko ka kashe Secure Boot, sai shuɗin allo ya fito yana neman lamba 48. Yawanci tana cikin asusun Microsoft na mai kwamfutar, in kuma laftof ɗin tsohon kayan wani ofis ne daga waje, tana can wurinsu. Windows 11 ta yanzu tana kunna shi da kanta ba tare da mutum ya lura ba. Kafin ka taɓa BIOS ka buga manage-bde -status, in a kunne yake ka dakatar da shi ka kuma sa mai shi ya nemo lambar tukuna. MacBook mai T2 ko M1 zuwa sama kuwa ma'ajiyarsa a ɗaure take da cif ɗin Apple, labarin iPhone ne sak.

Masta_Nima ya ƙara:

Ƙanena, kafin a yanke wa Hajiyar Mamobi hukunci ka duba wurare huɗu. Ciro katin memori ka sa a kwamfuta, mutane da yawa kyamararsu can take ajiya, kuma in ba a sirranta katin ba hotunan za su fito nan take. In an sirranta shi kada a yi risetin, don mabuɗinsa na tafiya tare da gogewar. Sai Google Photos, a shiga da asusunta a wata wayar. Sai ajiyar WhatsApp a Google Drive. Sai 'yan'uwan da ta tura wa hotunan, na biki dai da wuya a ce babu su a wayar amarya. Buɗewa daga nesa ta asusun Samsung da ake yi a da, sun cire shi a ƙarshen 2023, kada ka ɓata lokaci nema.

Wani lokaci za a kawo maka wadda aka manta PIN amma yatsa na buɗe ta. Wannan kada ka bari ta mutu ko ta sake tashi, ka sa ta a caji ka kwashe komai a take, domin bayan kunnawa yatsa ba ya aiki sai PIN, kuma Android na neman PIN ɗin da kanta duk awa 72.

In ta amince a goge, ta fara shiga asusun Google ɗinta a wata wayar a gabanka, ka ga ya buɗe da idonka, sannan ka yi risetin, in ba haka ba ka fita daga zane ka faɗa FRP. In sai an canza kalmar sirrin asusun, a jira awa 24 kafin a goge. Za ta tambaye ka kuɗinta na MoMo, ka ce mata suna kan layinta ba a cikin wayar ba, ta sa SIM ɗin a ko wace waya ta buga *170# in MTN ce.